Da an buɗe baki sai hannu ya rikice: yaya ake haɗa waƙa da kaɗa jita?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu a harkar nan. Mutum ya iya kod, wato kamun yatsu a wuyan jita, na G, C, D, Em da Am, yana sauya su ba tsayawa, kuma in an ce ya rera waƙa da baki kawai yana rerawa daidai. Amma da zarar an haɗa biyun sai hannun dama ya bar kiɗansa ya koma bin baki, ko kuma kalmomin su tsere. Daga ina ake fara gyara? Jitar za a ƙara gogewa a kai tukuna, ko a ci gaba da haɗawa ko ana tuntuɓe?

Tsirkiya_Shida:
Wa alaikumus salam ƙanina. Hankali abu ɗaya yake iya tsarewa a lokaci guda, don haka dole ɗaya daga cikin biyun ya riƙa tafiya da kansa, kuma hannu ne ya kamata ya zama hakan. Ga gwajin da zai nuna maka inda kake. Kama Am da C kawai, ka riƙa kaɗa su bi da bi, sannan ka ƙirga da ƙarfi daga 20 zuwa 1, baya-baya. In ka iso 1 hannu bai yi gardama ba, to ka lissafa kwanakin mako, daga Lahadi ka koma baya. Duk inda hannu ya tsaya yana jiran baki, kiɗan bai zauna ba tukuna. Na zaɓi Am da C ne saboda yatsa ɗaya kaɗai ke motsi: na zobe ya tashi daga firet na biyu (firet su ne gidajen da ƙananan ƙarafa suka raba a wuyan jita) a tsirkiya ta uku (ana ƙirga tsirkiya daga mafi siriri) ya koma firet na uku a tsirkiya ta biyar, sauran biyun suna nan inda suke.

Kalangu_Sarki:
Hausawa dai sun ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, ga shi mu nan haɗawar muke koya wa juna 😂

Malam_Metronom:
Gwajin Tsirkiya_Shida yana da kyau, amma ban yarda a ce sai hannu ya gama ƙwarewa sannan a sa murya ba. Haɗawar ita kanta aba ce da ake koyo daban. Abin da ake yi shi ne a rage wa hannu aiki har ya zama ba abin da zai rikice.

Sauke manhajar metronom, mai yin ƙyas-ƙyas don riƙe bugu, a waya, ka saita ta a bugu 60 a minti. Bugu huɗu shi ne zagaye ɗaya, daƙiƙa huɗu ke nan. A matakin farko sau ɗaya tak za ka kaɗa a kowane zagaye, a kan bugun 1, ka bar sautin ya yi ta amo kana rera layinka a kai. Za ka ji kamar wasan yara ne, amma a nan ne kunne ke gane gaɓar da kod ke sauyawa a kanta. In waƙar ta tafi daga farko har ƙarshe sau uku a jere ba tuntuɓe, ka koma kaɗawa biyu, a kan 1 da 3. Daga nan huɗu, duk ƙasa. Sai bayan wannan ka shigo da kaɗawar sama. Saurin kuma kada ka ƙara fiye da bugu 4 ko 5 a lokaci guda: 60, 64, 68, a haka har ka kai saurin waƙar na ainihi. In ka ƙara ta watse, koma baya mataki biyu, ba ɗaya ba.

Sabon_Hannu:
Na gode Malam. To amma matsalar tana tasowa ne daidai inda aka shigo da kaɗawar sama. Kiɗan nan na ƙasa, ƙasa-sama, sama, ƙasa-sama, shi ne ke watsewa.

Malam_Metronom:
Saboda kana haddace shi ne da sunan "ƙasa" da "sama", kana tsayar da hannu a tsakani. Hannun dama ba ya tsayawa ko kaɗan. Ƙirga haka: 1 da 2 da 3 da 4 da. Gurbi takwas ke nan. A kan kowace lamba hannu yana sauka, a kan kowane "da" yana hawa, ko ya taɓa tsirkiya ko bai taɓa ba. Kiɗan da ka ambata yana taɓawa a gurbi shida: 1, 2, "da" na 2, "da" na 3, 4, "da" na 4. A kan "da" na 1 hannu ya hau a iska, a kan 3 ya sauka a iska. Wannan saukar ta 3 da ba ta da sauti ita ce mutane ke yarwa, daga nan sai hannu ya juye, sama ta koma ƙasa, komai ya cakuɗe. Ɗora yatsun hagu a kan tsirkiyoyi ba tare da dannawa ba don su yi "cak cak" kawai, ka yi minti biyar kana kallon hannun yana lilo, sannan ka sa murya a kan wannan cak cak ɗin kafin ka dawo da kod.

Gaɓa_Mai_Nauyi:
Bari in ƙara wani abu da ya shafi wanda zai yi waƙa da Hausa. Gaɓoɓinmu iri biyu ne: marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, da mai nauyi, wato mai dogon wasali ko wadda ta ƙare da baƙi. A waƙa, mai nauyi kan ci gurbi biyu, marar nauyi gurbi ɗaya. Da wannan kaɗai za ka iya zana layinka a takarda kafin ka taɓa jita.

Ɗauki layi kamar "Damina ta zo". "Da" doguwa ce, ta ci 1 da "da" ɗinsa. "Mi" gajeriya ce, ta zauna a kan 2. "Na" doguwa, ta fara a "da" na 2 ta ratsa 3. "Ta" ta fara a "da" na 3 ta ratsa 4. "Zo" ta fara a "da" na 4 ta tsallaka cikin zagaye na gaba. Ka lura: "na", "ta" da "zo" duk a kan kaɗawar sama suka faɗo. In ka ɗora wannan a kan kiɗan da Malam_Metronom ya bayyana, za ka ga baki da hannu suna tafiya tare a gurbi biyar, bugun 4 ne kawai hannu ke yi shi kaɗai. Wurin haɗari ɗaya ne: kod zai sauya a kan 1 na gaba alhali baki yana riƙe da "zo", bai fara sabuwar gaɓa ba. Mai koyo yakan jinkirta "zo" ɗin don ta zo tare da sabon kod, ko ya gaggauta kod ɗin don ya zo tare da ita. Duka biyun kuskure ne.

Rubuta gurabe takwas ɗin a saman takarda, kalmomi a ƙarƙashinsu gaɓa-gaɓa, ka zagaye duk gaɓar da ta faɗo a kan lamba da jan biro.

Uwar_Amshi:
Wannan bayani ya yi, Malam. Sai dai kada mai koyo ya ɗauka doka ce da ba ta lanƙwasuwa. Mawaƙa suna jan gaɓar ƙarshen layi yadda suka so, suna kuma matse wasu don su shiga. Takardar ta zama ta layin da ya gagara kawai. In aka ce duk waƙa sai an zana ta, mutum zai shekara bai rera ko ɗaya ba.

Gaɓa_Mai_Nauyi:
Haka ne Hajiya, ƙarshen layi a sake yake. Tsakiyar layi nake nufi, inda in ka gajarta doguwar gaɓa kalmar kan fita da wata ma'ana ko ta zama kamar baƙon harshe ne ke faɗinta.

Ɗan_Damagaram:
Ni ina da ja a kan tushen maganar. Kowa yana cewa hannu ya bi baki laifi ne. A wane kiɗan? Ku saurari masu jitar Agadas, irin su Bombino, ko Tinariwen na Mali. Sau da yawa jitar mai waƙar tana bin karin muryar ne sawu da ƙafa, ko kuma ya rera layi ya yi shiru jita ta amsa. Wanda ke riƙe da kiɗan da ba ya canzawa shi ne mai jita ta biyu, da mai ganga da masu tafi. Haka B.B. King na Amurka: ba ya haɗa rerawa da kaɗawa a lokaci guda, sai ya ajiye layi sannan jitarsa ta ba shi amsa, kuma ba wanda ya ce bai iya ba. In burin Sabon_Hannu irin wannan kiɗan ne, hanyarsa daban: ya bar tsirkiya ɗaya a buɗe tana amo a ƙasa da babban yatsa, ya nemo karin waƙar a tsirkiya ta biyu da ta uku da manuni, ya rera abin da yatsan ke faɗi.

Tsirkiya_Shida:
@Ɗan_Damagaram gaskiyarka, amma waɗannan da ka lissafa da gangan suke yi, kuma bugun yana nan daram a jikinsu ko sun ɗaga hannu. Wanda hannunsa ke bin baki don ba yadda zai yi, in layi ya yi tsawo zagayensa ya zama bugu biyar, in ya gajarta ya zama uku. Ranar da ya zauna da mai ganga za a ji su.

MaiGurmi_Haɗeja:
Ku da kuke ta kai mu Amurka da Mali, abin nan fa a gida yake tun kafin jita ta zo. Marigayi Ɗan Maraya Jos shi kaɗai yake zama da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, yana kaɗawa yana zuba baiti, ba 'yan amshi. Haruna Uji da gurmi, masu garaya da tsirkiya biyu. Abin da za a ɗauka daga wurinsu shi ne gajeren kiɗa: 'yar jimla ɗaya da ke zagayowa, wadda hannu ya haddace har ba ya bukatar mai shi. Duk wahalar an bar wa baki. Mai koyon jita kuma sai ya ɗauko waƙa mai kod shida da kiɗa mai ado, ga kalmomin da bai gama haddacewa ba, ya ce zai haɗa. Rage kaya. Kod biyu, kiɗa ɗaya, baiti ɗaya.

Uwar_Amshi:
Maganar haddar nan da MaiGurmi ya taɓo ita ce ba a ba ta haƙƙinta ba. Muddin ido yana kan takarda ko waya yana neman layi na gaba, aiki uku ake yi ba biyu ba. A haddace kalmomin har a iya faɗinsu ana wanke-wanke. Sannan a hau jita da su a mataki uku: da farko gunji da baki a rufe, "mmm", karin kawai ba kalma. Na biyu a faɗi kalmomin kamar magana a kan bugun, ba kari. Na uku a haɗa. Wanda ya faɗi a mataki na farko, matsalarsa kari ce. Wanda ya faɗi a na biyu, matsalarsa wurin zaman gaɓoɓi ce, sai ya koma ga takardar Gaɓa_Mai_Nauyi.

Bahago_Ne_Ni:
Tambaya a gefe: bahago ya juya jita ne ko ya koya yadda kowa ke yi?

Ɗan_Damagaram:
Hannun da ya fi ƙarfi shi ya fi dacewa da kaɗawa, don shi ke riƙe bugu. Mdou Moctar na Nijar da hagu yake kaɗawa. In za ka juya, ba juya jitar kawai ba ne: a sake jera tsirkiyoyi, a kuma gyara ramukan da suke kwanciya a ciki a can saman wuya, don ramin siririyar ba zai ɗauki mai kaurin ba. In ka riga ka yi nisa da dama, ka zauna a nan.

Injiniyan_Sauti:
Mu dawo kan Sabon_Hannu. Akwai abin da ke sa haɗawar ta gagara wanda ba ruwansa da bugu: waƙar ba ta cikin muryarka. In kana kokawa da sautin da ya fi ƙarfinka, duk hankali can zai tafi, hannu ya zama maraya. Nemo sautin da ya fi kowanne tsayi a waƙar, galibi a amshi yake, ka lalubo shi a jita. In sai ka ɗaga haɓa ka matse wuya kafin ka kai shi, ki ɗin, wato matakin sautin da waƙar ta zauna a kai, ya yi maka sama. Ya kamata ka bar ratar firet biyu tsakanin wannan sautin da iyakar muryarka.

In waƙar ta yi ƙasa, kapo ne maganin, wato abin da ake ɗaurawa a wuyan jita ya danne duk tsirkiyoyi a firet ɗaya. Kowane firet yana ɗaga ta rabin mataki. Da kamun G, kapo a firet na 2 ya ba ka A, a na 4 ya ba ka B, a na 5 ya ba ka C, yatsu kuma ba abin da ya canza musu. In ta yi sama, kapo ba ya saukarwa kai tsaye, sai dai ka canza kamun. Misali daga G zuwa E: kama C da kapo a firet na 4, sai G, C, D, Em su koma C, F, G, Am. Ko kuma ka sassauta duk tsirkiyoyi shida da rabin mataki ko mataki guda, wanda ma yana sa dannawa ta yi laushi. Kapo a dab da bayan ƙarfen firet ake ɗaura shi, ba a tsakiya ba, kuma a sake duba saitin tsirkiya bayan an ɗaura, don yakan ja su sama kaɗan.

Kalangu_Sarki:
Wanda ba shi da kapo: fensir da robar ɗaure kuɗi guda uku ko huɗu. Kwantar da fensirin a kan tsirkiyoyi, ka maƙala robar a kai ɗaya, ka zagayo da ita ta bayan wuya ka maƙala a ɗaya kan. A jita mai tsirkiyar roba ya fi zama, don wuyanta a shimfiɗe yake. A mai tsirkiyar ƙarfe wuyan yana da ɗan doro, ta farko da ta shida sukan yi zizar.

Sabon_Hannu:
Injiniya, in aka koma kamun C ai ga F nan ta fito, ita ce kuma dodon.

Injiniyan_Sauti:
Kada ka kama babbar F mai kwantar da yatsa a kan tsirkiya shida kana waƙa, ba yanzu ba. Daga C, bar manuni inda yake a firet na 1 tsirkiya ta biyu, na tsakiya ya sauko tsirkiya ta uku firet na 2, na zobe ya sauko ta huɗu firet na 3, ta farko a buɗe. Kaɗa huɗun ƙasa kawai. Fmaj7 ke nan, tana tsayawa a madadin F a yawancin waƙoƙi masu sanyi.

Tsirkiya_Shida:
Tunda an zo kan rage wa hannun hagu wahala, ga dabarar da ta fi kowacce amfani a ki na G. Kafa yatsan zobe a firet na 3 tsirkiya ta biyu, ƙaramin yatsa a firet na 3 tsirkiya ta farko, kada su ƙara tashi har waƙa ta ƙare. Manuni da na tsakiya ne kaɗai ke yawo. G: na tsakiya a firet na 3 ta shida, manuni a na 2 ta biyar. C: su biyun su sauko tsirkiya ɗaya-ɗaya, na tsakiya a ta biyar, manuni a ta huɗu. Em: duka biyun a firet na 2, ta biyar da ta huɗu. D: manuni kaɗai a firet na 2 ta uku, ka kaɗa huɗun ƙasa. Sunayensu na gaskiya Cadd9, Em7 da Dsus4, amma suna yin aikin. Da wannan ba sai ka kalli wuyan jita ba.

Abu na biyu, sauya kod ba a kan 1 ake fara shi ba. A kan "da" na 4 yatsu ke tashi, kaɗawar saman nan ta ƙarshe ta faɗa kan tsirkiyoyi a buɗe, ba wanda zai ji aibunta. A bugu 60 rabin daƙiƙa ke nan ka samu na tafiya. Mai jira sai 1 ta iso sannan ya ɗaga yatsu kullum a makare yake, murya kuma sai ta tsaya jiransa.

Numfashi_Ɗaya:
Ba wanda ya yi maganar numfashi. Ku lura da mai koyo in zai sauya kod mai wuya: ɗauke numfashi yake yi bai sani ba, kafaɗa ta ɗage. Shi ya sa ƙarshen layi ke mutuwa daidai wurin sauyi. A takardar nan taka, sa alama inda za ka shaƙi iska, ka mayar da shaƙar wani ɓangare na kiɗan, misali kullum a kan bugun 4 na zagayen da ke gaban sabon layi. Iskar ta sauka ciki, ciki ya kumbura, ba ƙirji ba.

Zama ma yana da hannu a ciki. Wanda ya duƙa yana leƙen yatsunsa ya naɗe maƙogwaro ya danne ciki. Zauna a bakin kujera marar hannu, baya a miƙe, ka zaɓi wani abu a bango daidai tsayin idonka ka kafa masa ido. In ba ka iya sauya kod sai ka kalla, yi minti biyar kullum a ɗaki mai duhu ko ido a rufe. Zama a tabarma da jita a cinya yana da daɗi, amma ya fi sa mutum ya ranƙwafa.

Uwar_Amshi:
Da kuma shiga waƙa a sautin da ba shi ba. Kafin a fara, a taɓa sautin farko na waƙar shi kaɗai a yi gunjinsa. A ki na G yawanci ɗaya ne cikin uku, kuma duk a buɗe suke: tsirkiya ta huɗu, ta uku, ko ta biyu. A kuma rage ƙarfin kaɗawa in murya ta shigo. Mai dukan jita da ƙarfi ba ya jin kansa, sai ya yi ta ihu yana kauce wa kari. A baiti a taɓa tsirkiya uku ko huɗu a hankali, a amshi a buɗe hannu.

Kalangu_Sarki:
Duk lissafin da ake yi tun ɗazu na bugu huɗu ne. Kiɗanmu da yawa kuma a kan shida yake tafiya: 1 2 3 4 5 6, nauyi a kan 1 da 4. Wanda ya ɗauko waƙa mai irin wannan tafiyar ya ɗora mata ƙasa, ƙasa-sama zai yi ta fama yana zargin kansa, alhali kiɗan ne ba nata ba. Yadda za ka gane: taka ƙafa da waƙar, ka ji ko tsakanin taku da taku abu biyu ne ke shiga ko uku. In uku ne, saita metronom a 50, kowane ƙyas ya zama 1 ko 4, hannu ya yi ƙasa ƙasa sama, ƙasa ƙasa sama. Kada ka yi ƙasa sama ƙasa sama a jere, don nauyin 4 zai faɗo a kan kaɗawar sama, kuma wannan da waƙa a baki sai wanda ya daɗe.

Malam_Metronom:
Daidai. Kuma a nan ne baki kan yi uku a inda ƙafa ke yin biyu, in dogayen gaɓoɓi uku suka jeru. Ajiye jitar gaba ɗaya, ƙafa tana 1 da 4, tafi yana 1, 3, 5, har jiki ya saba.

MaiGurmi_Haɗeja:
Ni wannan metronom ɗin ne ban gamsu da shi ba. Ƙafa ta isa. Makaɗan da muka gada ba su san shi ba, bugunsu kuma bai taɓa karkacewa ba.

Malam_Metronom:
Baba, su sun tashi ne a cikin kiɗa, da manya a gefe masu harararsu in sun kauce. Mai koyo shi kaɗai a ɗaki ba mai harararsa. Ƙafarsa kuma tare take da hannunsa wajen ha'inci: in an zo wuri mai wuya duk su rage gudu tare, in an zo mai sauƙi su ruga. A taka ƙafa, na yarda, amma a samu wani abu a waje da ba ya jin tausayi. In ƙyas-ƙyas ɗin ne ke gundura, a sa kiɗan ganga na manhaja.

Injiniyan_Sauti:
Ko ka ɗauki kanka a waya. Ɗauki jitar kaɗai na minti biyu, ka kunna ka rera a kai hannu a sake. Sannan ka juya: ɗauki muryar kaɗai tare da metronom, ka kunna ka kaɗa mata. Kowane ɓangare ya ji ɗan'uwansa ba tare da kana yin biyun ba. Gargaɗi ɗaya: yi amfani da abin kunne mai waya. Na Bluetooth yana da ɗan jinkiri, in kana ɗora sabon ɗauka a kan tsohon sai ka ji ka makara alhali ba laifinka ba ne. In za ka ɗauki biyun tare, ajiye wayar kamar taku ɗaya daga gare ka, daidai tsayin baki. In ka ajiye ta gaban ramin jita, jitar za ta haɗiye muryar.

Tsirkiya_Shida:
A duba jitar ma. In tazarar da ke tsakanin tsirkiya ta shida da ƙarfen firet na 12 ta wuce milimita 3, dannawa za ta ci ƙarfi, yatsu su gaji, hankali ya koma can. Wajen milimita 2 zuwa 2 da rabi ya fi. Mai gyara zai iya rage ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kai a jikin jitar. Sa tsirkiya marasa kauri, masu lamba 10 ko 11. Da hunturu kuma katako yana bushewa, saiti ya riƙa zamewa, wani lokaci fuskar jitar ta tsage. Jiƙa soso ka matse shi sosai, ka sa a leda mai 'yan huji ka ajiye cikin jakar, kada ya taɓa katakon. Kuma a saita tsirkiya kafin kowane zama, don wanda ke koyon waƙa a kan jitar da ba ta saitu ba kunnensa yake ɓatawa.

'Yar_Zongo_Kumasi:
Salam. Duk wannan na masu kaɗawa da ɗan roba ne. Mai tsinka da yatsu fa? Nan ne baki ke ɗaurewa gaba ɗaya.

Ɗan_Damagaram:
Wa alaikis salam 'yar'uwa. Tsarin ɗaya ne, sai dai babban yatsa ne ke zama ƙafarki. Shi ke da tsirkiya ta shida, ta biyar da ta huɗu. Manuni ta uku, na tsakiya ta biyu, na zobe ta farko. Fara da babban yatsa shi kaɗai a kan lambobi huɗu: a C yana kai-komo tsakanin ta biyar da ta huɗu, a G tsakanin ta shida da ta huɗu. Rera dukan waƙar a kan wannan kawai. In ya zauna, ƙara na tsakiya a wuri ɗaya tak, "da" na 2. Kwana biyu a haka, sannan manuni a "da" na 3. Duk yatsan da kika ƙara waƙar ta watse, cire shi ki koma. Kuskuren da aka fi yi shi ne koyon cikakken tsinkar mai sauti takwas sannan a ce za a ɗora murya a kai rana ɗaya.

Sabon_Hannu:
Allah ya saka da alheri, na kwashi abubuwa. Saura ɗaya: minti nawa a rana, kuma waƙa ɗaya za a riƙe ko a riƙa canzawa?

Malam_Metronom:
Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Biyar na hannu shi kaɗai, biyar na gunji da faɗin kalmomi a kan bugu, sauran a kan layin da ya fi gagara. Ba daga farkon waƙa ake farawa kullum ba. Yanko zagaye biyu da ke da matsalar, haɗa da bugu ɗaya kafinsu da ɗaya bayansu, ka yi ta juya su. Waƙa ɗaya har ta zauna.

Uwar_Amshi:
A nan na saɓa da Malam. Biyu ko uku masu kiɗa iri ɗaya sun fi. Mai waƙa ɗaya yakan haddace ta ne a dunƙule, hannu da baki a manne, in aka ba shi wata sai ya koma farko. In kiɗan hannu ɗaya ne amma kalmomi suna canzawa a kansa, a nan hannu ke koyon zaman kansa.

Gaɓa_Mai_Nauyi:
In za a bi ta Hajiya, a tabbata ɗaya daga cikin waƙoƙin layinta yana farawa kafin bugun 1. Ga misali, "manoma sun fita": in aka fara layi da shi, "ma" gajeriya ce, tana shigowa a "da" na 4, "no" ce ke sauka a kan 1 tare da kod. Mai koyo yakan ɗora "ma" a kan 1, daga nan duk layin ya goce da gurbi ɗaya. Kaɗa zagaye guda ba waƙa, kana ƙirga 1 da 2 da 3 da 4 da ƙarfi, a maimakon "da" na ƙarshe ka ce "ma".

Bahago_Ne_Ni:
To wanda zai tsaya a tsaye da maɗauri fa, tsayin jitar ya kamata ya kai ina? In ta sauka ƙasa sosai wuyan hannun hagu yana lanƙwashewa.

Numfashi_Ɗaya:
Saita maɗaurin kana zaune, yadda in ka miƙe jitar ba za ta sauka daga inda take ba. Kan jitar ya ɗan ɗaga sama, kusan daidai kafaɗa.